Sharhi kan katin memuwar na darussan fansa da ake sayarwa a Maraɗi

A wani ƙaramin shagon littattafan Kirista da ke cikin garin Maraɗi, inda aka saba sayen Littafi Mai Tsarki da littattafan waƙoƙin sujada da kalandar shekara, yanzu ana sayar da katin memuwar mai ɗauke da darussa takwas da Hausa a kan tambaya guda: domin wa Almasihu ya mutu, domin dukan 'yan Adam ne ko domin zaɓaɓɓu kaɗai, wato waɗanda Allah ya zaɓa domin ceto? Wani fasto mai koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki ne ya gabatar da darussan a gaban ɗalibai da dattawan ikkilisiya da 'yan zumuntar mata, aka ɗauki muryarsa tare da tambayoyin da aka yi masa. Kuɗin katin jika biyu ne na sefa, wanda kuma ya zo da nasa katin ko salularsa ana zuba masa a kan rabin haka. Kowane darasi ya ɗan haura awa guda. A ganina katin ya cancanci kuɗinsa, domin ban taɓa jin an shimfiɗa wannan muhawara da Hausa cikin natsuwa irin wannan ba, amma akwai wurin da malamin ya karkata ga ɓangarensa, na masu cewa domin zaɓaɓɓu ne, bai ba ɗaya ɓangaren damar kare kansa ba, kuma ya kamata mai saye ya san wurin tun kafin ya fara sauraro.

Ba abin mamaki ba ne da aka daɗe ba a ji wannan gardama a majami'unmu ba. Yawancin ikkilisiyoyin bishara na wannan yanki sun samo asali ne daga aikin mishan ta SIM, wato Sudan Interior Mission, wadda ta fara zama a Damagaram a 1924, daga baya ta buɗe tasha a Tsibiri da cikin Maraɗi, ta kafa asibitin Galmi a 1950, da wurin jinyar masu cutar kuturta a Danja. Mishan ce da ta tattaro ma'aikata daga ɗariƙu dabam-dabam, kuma irin wannan taro yakan tsaya ne a kan abin da kowa ya yarda da shi, ya bar abin da zai raba kai. Saboda haka iyayenmu suka gaji wa'azin tuba da gicciye ba tare da an ce musu su zaɓi tsakanin Kalbin da Arminiyus ba, malaman tauhidi biyu na Turai da ake jingina ra'ayin domin zaɓaɓɓu ga mabiyan na farko, ra'ayin domin kowa kuma ga mabiyan na biyu. Yau kuwa salula ta kawo wa matasa guntayen wa'azi daga Najeriya da Amurka ta WhatsApp da Facebook, yaro ya saurari minti biyar ya shigo nazarin Littafi yana ce wa dattijo ai bai san bishara ba. Wannan katin amsa ce ga wannan yanayi, kuma malamin ya faɗi haka da bakinsa a darasin farko.

Babban amfanin darussan shi ne yadda suka rage faɗin rigimar tun daga farko. Malamin ya fara da kawar da ra'ayin masu cewa kowa da kowa zai tsira a ƙarshe ko ya ba da gaskiya ko bai ba da ba, ra'ayin da ake dangantawa da Orijen na Iskandariya, malamin ikkilisiya na ƙarni na uku, ya nuna cewa ɓangarorin biyu da yake magana a kansu duk sun ƙi shi. Dukansu sun yarda cewa mai ba da gaskiya ne kaɗai yake samun gafara. Dukansu sun yarda cewa darajar jinin Almasihu ba ta da iyaka. Ya kawo tsohuwar ƙa'idar da aka sani tun zamanin Peter Lombard, malamin tauhidi na birnin Faris a Faransa wanda ya rasu a 1160, cewa mutuwar Almasihu ta isa domin kowa amma tana aiki ne ga zaɓaɓɓu, ya ce kusan kowa zai iya sa hannu a kan wannan. Abin da ya rage ana jayayya a kansa shi ne nufi: sa'ad da Uba ya aiko Ɗansa, ya aiko shi ne domin ya buɗe wa kowa hanyar ceto, ko domin ya tabbatar da ceton waɗansu mutane da aka sani tun kafin kafuwar duniya? Wanda ya kama wannan bambanci ya riga ya mayar da kuɗinsa, domin rabin hayaniyar da ake yi bayan sujada ta mutane ce da suke zargin juna da abin da babu wanda ya faɗa.

Darasi na biyu da na uku na ayoyi ne, kuma a nan malamin ya yi adalci ƙwarai. Ya karanta na masu cewa domin kowa ne ba tare da ya rage musu ƙarfi ba: Yohanna 3:16 da ƙaunar Allah ga duniya, 1 Timoti 2:4 zuwa 6 inda aka ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto kuma Almasihu ya ba da kansa fansa domin kowa, Ibraniyawa 2:9 inda ya ɗanɗana mutuwa domin kowa, da 1 Yohanna 2:2 inda aka ce shi ne hadayar gafarar zunubanmu, ba namu kaɗai ba har da na dukan duniya. Ya daɗe a kan 2 Bitrus 2:1, ayar da ta ambaci malaman ƙarya masu musun Ubangijin da ya saye su, ya amince a fili cewa ita ce ta fi ba ɓangarensa wahala, domin ga mutane da aka ce an saye su amma suna kan hanyar hallaka. Sa'an nan ya juya ga na masu cewa domin zaɓaɓɓu ne: Matiyu 1:21 inda zai ceci mutanensa daga zunubansu, Yohanna 10 inda makiyayi yake ba da ransa domin tumakin kuma ya ce wa waɗansu su ba tumakinsa ba ne, Afisawa 5:25 da Ayyukan Manzanni 20:28 inda ikkilisiya ce ya saya da jininsa, da Yohanna 17:9 inda ya ce ba domin duniya yake addu'a ba sai domin waɗanda aka ba shi.

Abin da ya fi jera ayoyin muhimmanci shi ne yadda ya nuna amsar da kowane ɓangare yake ba ayoyin ɗayan. 'Yan Kalbin sukan ce "duka" a wasiƙar Timoti na nufin kowane irin mutum ne, sarakuna da talakawa, Yahudawa da al'ummai, tun da sarakuna da masu mulki aka ambata a ayoyin da suka gabata. 'Yan Arminiyus kuwa sukan ce faɗin cewa ya mutu domin tumakinsa bai kore cewa ya mutu domin wasu ba, kamar yadda Bulus ya ce a Galatiyawa 2:20 ya ba da kansa domina, ba wanda kuma ya taɓa fahimtar cewa domin Bulus kaɗai ya mutu. Malamin ya bar amsoshin biyu a tsaye bai tura ɗaya ta faɗi ba. Ya yi misali da rijiyar gari wadda ruwanta ya ishi kowa amma wanda ya zura guga ne yake sha, sai wani ɗalibi ya tare shi da cewa ai gardamar duka a kan wanda ya ba da gugar ce, malamin ya yi dariya ya ce gaskiyarsa, misalin bai raba gardama ba. Na ji daɗi da ba a yanke wannan wurin ba sa'ad da ake gyara muryar.

Tarihin ya ɗauki darussa uku, kuma shi ne sashen da mai sauraro zai fi komawa. An fara da Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, da koyarwarsa a kan alheri da zaɓe. An wuce ga Gottschalk, wani sufi na ƙarni na tara wanda ya koyar cewa Almasihu ya mutu domin zaɓaɓɓu kaɗai, aka hukunta shi a Mainz a 848, aka tsare shi a gidan sufaye har mutuwarsa. Daga nan aka zo Holan. Arminiyus, malamin tauhidi a jami'ar Leiden, ya rasu a 1609, a shekara ta gaba kuma almajiransa suka miƙa wa hukuma takardar ƙorafi mai batutuwa biyar, na biyunsu yana cewa Almasihu ya mutu domin dukan mutane amma mai ba da gaskiya ne kaɗai yake cin moriyar gafarar. Majalisar Dort ta zauna daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619 domin ta amsa musu, da wakilai daga Ingila da Switzaland da ƙasashen Jamus, Sarkin Faransa kuwa ya hana nasa wakilan zuwa. Malamin ya bi abin da majalisar ta rubuta a kan mutuwar Almasihu sashe-sashe, kuma mutane da yawa za su yi mamaki da suka ji cewa wannan majalisa da ake ɗauka mai tsauri ita ce ta ce mutuwar Ɗan Allah ta isa ta shafe zunuban dukan duniya, ita ce kuma ta ce dole a yi shelar alkawarin bishara ga dukan al'ummai da dukan mutane ba tare da bambanci ba, kafin ta ce nufin Allah ne ikon ceton ya kai ga zaɓaɓɓu. Game da Kalbin kansa, wanda ya rasu a Jeniba a 1564 tun Arminiyus yana ƙaramin yaro, malamin ya ce masana har yau suna jayayya a kan inda ya tsaya a wannan batu, bai kuwa yi ƙoƙarin jawo shi gefensa ba.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya a tsakiya, kuma an ba su haƙƙinsu. John Davenant, ɗaya daga cikin wakilan Ingila a Dort, ya riƙe cewa Almasihu ya mutu domin kowa a kan sharaɗin bangaskiya, tare da nufi na musamman ga zaɓaɓɓu, ya kuma sa hannu a kan shawarar majalisar. Moïse Amyraut na makarantar Saumur a Faransa ya wallafa ra'ayi makamancin haka a 1634, aka kai ƙararsa gaban majalisar ikkilisiya a Alençon a 1637, ba a kore shi ba. Labarin John Wesley da George Whitefield, mashahuran masu wa'azi na Ingila, ya zo a taƙaice, yadda abokai biyu suka saɓa a kan wannan koyarwa wajen 1739 da 1740, amma da Whitefield ya rasu a 1770 Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan. An kuma tuna wa masu cewa koyarwar zaɓe tana kashe aikin bishara cewa William Carey, ɗan mishan na Ingila wanda ya tafi Indiya a 1793, daga cikin 'yan Baftis masu riƙe da fansa ta musamman ya fito.

Matsalar tana darasi na bakwai. A nan malamin ya kawo hujjar John Owen, malamin Ingila na ƙarni na sha bakwai, wadda ita ce makami mafi kaifi a hannun masu cewa domin zaɓaɓɓu ne. Hujjar tana cewa ko dai Almasihu ya ɗauki dukan zunuban dukan mutane, ko dukan zunuban waɗansu mutane, ko waɗansu zunuban dukan mutane. Idan na ƙarshe ne, babu mai tsira. Idan na farko ne, me ya hana kowa tsira? Za a ce rashin bangaskiya. To, rashin bangaskiya zunubi ne ko ba zunubi ba? Idan zunubi ne, ai an riga an ɗauke shi tare da sauran, kuma Allah mai adalci ba zai karɓi biyan abu ɗaya sau biyu ba, sau ɗaya daga hannun Ɗansa, sau ɗaya daga hannun mai zunubi. Malamin ya gabatar da wannan da gwaninta, ana jin ɗakin ya yi tsit, sa'an nan ya rufe da addu'a kamar an gama magana. Ba a gama ba. Tun a zamanin Owen, Richard Baxter, wani malamin Ingila, ya ƙalubalance shi, kuma daga baya waɗansu manyan malamai daga cikin 'yan Kalbin kansu sun ƙi jingina da wannan hujja. Amsar da aka saba bayarwa ita ce hujjar ta ɗauki hukuncin zunubi tamkar bashin kuɗi wanda da zarar an biya ya faɗi, ko wanda ake bi bashin ya sani ko bai sani ba, alhali Littafi ya ɗaura gafara ga bangaskiya. Idan biyan da aka yi a kan gicciye shi kaɗai ya kawar da hukunci nan take, yaya Bulus zai ce wa masu bi na Afisa, a sura 2 aya 3, su ma dā 'ya'yan fushi ne kamar sauran mutane? Zaɓaɓɓe ma yana ƙarƙashin hukunci har ranar da ya ba da gaskiya. Mutum yana iya jin wannan amsa ya ce ba ta gamsar da shi ba, wannan haƙƙinsa ne, amma malamin da ya karanta 2 Bitrus 2:1 da gaskiya irin wadda muka ji ba shi da uzurin ɓoye ta. Ni kaina na fi karkata ga matsayin Davenant, kuma ina ganin duk mai jagorantar nazari da wannan katin ya tanadi amsar kafin ya kunna wa jama'a darasin.

Wani giɓin shi ne an yi magana kamar 'yan Kalbin da 'yan Arminiyus ne kaɗai Kiristoci. 'Yan Lutheran, waɗanda suka tabbatar a yarjejeniyarsu ta 1577 cewa Almasihu ya mutu domin dukan mutane ba tare da sun zama 'yan Arminiyus ba, an ambace su a jimla ɗaya. Katolika kuwa ba a ambace su ba sam, a garin da yake mazaunin bishop tun da aka kafa dayosis ta Maraɗi a 2001. Ga shi kuwa matsayinsu a bayyane yake: majalisar Quierzy ta 853, wadda ta biyo bayan rikicin Gottschalk ɗin da malamin ya ba da labarinsa, ta ce babu mutumin da Almasihu bai sha wahala dominsa ba, a dā ko yanzu ko nan gaba, kuma a 1653 Paparoma Innocent na Goma ya haramta maganar 'yan Jansen, mabiyan wani bishop na Katolika mai suna Jansen, da ta ɗauki cewa Almasihu ya mutu domin kowa a matsayin kuskure. Minti goma da sun isa.

Darasi na takwas na tambayoyi ne, kuma tambaya mafi nauyi daga bakin wata dattijuwa ta fito. Ta kira malamin ɗana, ta ce 'yan'uwanta na jini da maƙwabtanta ba Kiristoci ba ne, tana so ta sani ko za ta iya duban ƙanwarta ta ce mata Yesu ya mutu dominki, ko kuwa ƙarya za ta yi. Wannan ita ce tambayar Maraɗi, inda kusan kowane gidan Kirista yake da dangi Musulmi, ana suna tare ana jana'iza tare. Malamin ya amsa mata da Mama, cikin ladabi, ya ce a wa'azin manzanni da ke cikin Ayyukan Manzanni ba a ga inda suka faɗa wa marasa bi wannan jimla ba, abin da suka yi shi ne shelar mutuwarsa da tashinsa da kiran kowa ga tuba, don haka ta ce wa ƙanwarta Yesu ya mutu domin masu zunubi kuma ba ya korar wanda ya zo gare shi, kamar yadda yake a Yohanna 6:37. Amsa ce mai ma'ana kuma ta dace da matsayinsa, sai dai ya kamata ya ƙara cewa Wesley da Davenant da 'yan Lutheran da Katolika, dukansu da sun ce mata ta faɗa ba tare da shakka ba, su kuma suna da 1 Korantiyawa 15:3, inda Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa abin da ya fara sanar da su shi ne Almasihu ya mutu domin zunubanmu. Ba ta sake magana ba, kuma ban ji alamar ta gamsu ba. Abin yabo a nan shi ne duk tsawon darussan babu kalmar ɓatanci ga Musulmi, ko da yake malamin ya bayyana cewa Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, kuma wannan muhawara ta cikin gida ce tsakanin waɗanda suka yarda da gicciyen. Ana iya kunna katin a tsakar gida ba tare da an ji kunyar maƙwabci ba.

Ta fuskar aiki, muryar malamin tana fita sarai ko a ƙaramar salula, kuma Hausarsa ta kowa ce, ba ya cusa Faransanci sai inda ya zama dole. Masu tambaya ne ba a ji da kyau domin sun yi nesa da makirfo, kuma ba kullum yake maimaita tambayar kafin ya amsa ba. A darasi na biyar an ɗauke wuta aka ta da janareta, ƙararta ta rufe kusan minti goma na bayanin Dort, wurin da aka fi bukatar ji. Ba a sa wa darussan suna ba sai lamba, lambobin ma ba sa bin juna a wasu wayoyi, sai mutum ya ji farkon kowanne kafin ya gane tsarin. Babu takardar da ta jera ayoyin da sunayen mutanen da shekarun, ga shi malamin yana ambaton sura da aya da sauri, don haka mai sauraro ya ajiye biro da takarda kusa. Mai shagon mutum ne mai haƙuri, yakan sa katin a rediyonsa ya gwada wa mai saye kafin ya karɓi kuɗi, kuma yana canza wanda ya ƙi buɗewa. Katin da suke zubawa a ciki na mai araha ne, irin wanda ba ya jure zafi da ƙura, saboda haka gara mutum ya zo da nasa mai kyau a zuba masa, ko ya kwafe darussan a salula ranar da ya saya. Shagon yana rufe ranar Lahadi.